Kogin Ngadda da Ƙoramunsa: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Sau da yawa manoman da ke zaune a Wulari da sauran unguwannin Maiduguri sukan je gonakinsu na bakin Ngadda su tarar kogi ya cika, alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama a gari ba. Dalili kuwa shi ne mafi yawan wannan ruwa daga nesa yake tahowa. Don haka sanin hanyarsa wajibi ne ga manomi da malamin gona.

Asalin ruwan daga duwatsun Mandara ne, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Kogin Yedzeram ne ke kwaso shi daga wajen Mubi ya nufo arewa, har ya haɗu da Gombole a fadamar Sambisa. Daga wannan fadama Ngadda yake ɓallewa ya doshi Maiduguri, shi kuma Yedzeram ya wuce ta Bama. Kafin Ngadda ya iso gari sai ya bi ta madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 domin ruwan sha da noman rani. A cikin gari ƙoramar Ngaddabul take zuba a cikinsa. Ita wannan ƙorama da damina kaɗai take gudu.

Nan kuma kogin yake keta tudun yashin nan na Bama, wanda a zamanin da shi ne gaɓar Tafkin Chadi. Da ya wuce tudun sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya bazu a kwarin Jere, inda aka daɗe ana noman shinkafa.

Cikar kogin takan kai ƙarshe ne tsakanin Agusta da Satumba. A Satumban 1994 ambaliya ta shiga Maiduguri, haka kuma a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya ci gidaje da gonaki masu yawa.

Saboda haka ana shawartar manomi ya bar shinkafa a kwari inda ruwa ke kwanciya, gero da wake kuwa ya kai su tudu. Kada ya yi gaggawar dashen tumatir, albasa ko tattasai kafin ruwa ya janye, ƙasa ta tsane. Kada kuma ya yi huɗa har bakin gaɓa. Ya bar ciyawa da itatuwa su riƙe ƙasar, domin zaizaya tana rage gona, tana kuma cike kogi da yashi.

Malaman gona kuwa su riƙa tuntuɓar takwarorinsu na Konduga da Bama tun daga watan Agusta. Idan labari ya zo cewa ruwa ya ƙaru a can, a sanar da manoma da wuri su janye injinan ban ruwa, taki da dabbobi daga bakin kogi.