CIWON ZUCIYA BA NA MASU KUƊIN BIRNI KAƊAI BA NE

A wannan fitowa za mu yi magana a kan ciwon zuciya. Da yawanmu mun ɗauka cuta ce ta masu ƙiba da ke zaune a ofis. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum uku da suka mutu a duniya a shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan, mutanen ƙasashe masu tasowa ne irin tamu. A ƙauye ba mu cika kiran cutar da sunanta ba. Sai mu ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi mata.

Yadda cutar take kama mutum

Zuciya famfo ce. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana domin ta kai jini ko'ina a jiki. Idan hanyoyin jini suka tsuke, dole ta ƙara ƙarfi kafin jinin ya wuce. Wannan shi ne hawan jini. In aka daɗe a haka, zuciya takan kumbura ta gaji, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Wani lokaci kuma jijiya ce take fashewa ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye.

Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jininsa ya hau. Awo ne kaɗai yake nunawa. Idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu dabam-dabam, ma'aikatan lafiya suna ɗaukarsa hawan jini ne.

Zuciyar mai jego

Akwai wani ciwon zuciya da ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin ƙasashen duniya. Yana kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Zuciyarta takan yi rauni ta kasa tura jini. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun bincika matan da suka kamu. Sun ga abin yana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin. Sun ɗora laifin a kan kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

Bincike bai tsaya nan ba. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, aka buga sakamakonsa a shekarar 2020. An ga har lokacin Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu cutar. Amma abubuwan da suka fi fitowa fili su ne ramar uwa, da talauci, da rashin zuwa makaranta, da hawan jini lokacin ciki. Ba a sami hujjar cewa wankan jego ko kunun kanwa su ne tushen cutar ba.

Darasin da ke nan biyu ne. Na farko, mai ciki da mai jego su ci su ƙoshi, kuma su je awon ciki a duba jininsu. Na biyu, ko da kanwa ba ita ce tushen ba, tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai riƙe ruwa a jiki. Macen da jininta ya hau, ko ƙafafunta suka kumbura, kanwa ƙara mata nauyi take yi. Surukai da ungozomomi, ku taimaka a nan, domin ku ne kuke dama kunun.

Abin da za mu iya yi a gida

1. Mu rage gishiri. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 a rana ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen magi ma kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa suna ba miya daɗi.
2. Mu riƙe abincinmu na gado: gero, dawa, wake, zogale, rama, kuka da yakuwa. Mu rage kitse, da man da aka maimaita suya da shi, da lemon kwalba, da sukari mai yawa a shayi.
3. Mu bar taba, ta sha da ta shaƙa da ta taunawa. Giya da burukutu kuma suna tayar da jini, suna raunana naman zuciya.
4. Mu motsa jiki. Da damina gona ta ishe mu, amma da rani wasu sukan wuni a zaune. Tafiyar minti 30 da sauri, kwana biyar a mako, ta wadatar.
5. Mu yi girki inda hayaƙi yake fita. Hayaƙin itace yana cutar da huhu da zuciya.
6. Mu daina shan haɗin maganin ciwon jiki na masu talla. Wasu ƙwayoyin da ke ciki suna tayar da jini, suna lalata ƙoda.
7. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti. In ba a yi maganinsa da kyau ba, yana iya lalata ƙofofin zuciyar yaron daga baya.

Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. Maganin riƙe jinin yake yi, ranar da aka bari sai ya sake hawa.

Alamomin da ba a kwana da su

Haki bayan ɗan aiki kaɗan, kasa kwanciya sai an jingina, tarin dare, kumburin ƙafafu ko ciki, nauyi a ƙirji, karkacewar baki, harɗewar harshe, ko mutuwar hannu farat ɗaya. Duk wanda aka ga ɗayan waɗannan a jikinsa, musamman mai jego, a nemi mota a kai shi asibiti a Baure ko Daura nan take. Kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Shawararmu ga kowace ikkilisiya ita ce a haɗa kuɗi a sayi na'urar awon jini guda ɗaya, a nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu amfani da ita. Sau ɗaya a wata, bayan sujada, a auna manya, a rubuta a littafi, a tura wanda nasa ya hau zuwa asibiti. Zumuntar mata kuma, in kun je barka, ku duba ƙafafun mai jego, ku saurari numfashinta. Kuɗin na'urar bai kai abin da gida ɗaya yake kashewa ba in maigida ya kwanta da shanyewar jiki ana tsakiyar noma. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya, ya kiyaye iyalanmu. Amin.