Ko ka sani? Zare ne ke riƙe da tayar keke

Iskar da ke cikin tayar keke ta fi ta tayar mota matsi. Ƙaramar mota tana tafiya da awo 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci, amma keken hawa na yau da kullum yakan ɗauki 40 zuwa 60, na tsere kuwa har 100 yana kaiwa. A awo 60, kowane murabba'in santimita na cikin taya yana shan turin da ya kai nauyin kilo 4. Robar da ido ke gani ba za ta iya da wannan ba. A ƙarƙashinta akwai saƙar zaren nailan da aka shimfiɗa a karkace, wani bisa wani, an naɗe bakinsa a jikin wayar ƙarfe da ke kama rim. Kamar garin da aka zuba a leda aka sa cikin buhu ne: tiyub ita ce ledar da ke hana iska fita, zaren nan shi ne buhun da ke hana ledar fashewa. Aikin roba ta kama ƙasa, ta kuma kare zaren daga tsakuwa da ruwa.

Duk mai bi da keke ta unguwar Agbogbloshie yana da dalilin sanin wannan. Tun a watan Yulin 2021 hukuma ta rushe filin 'yan gwangwan da ke bakin kogin Odaw, aka mayar da kasuwar albasa Adjen Kotoku, amma har yau sana'ar tsoffin ƙarafa na nan a kewayen, guntun waya da fasasshen gilashi da bakin kwano ba su bar hanya ba. Idan ɗayansu ya yanki taya, aka tura keke wajen mai faci a Nima ko Maamobi, aka ce "Maigida, wannan za ta gyaru ko sai sabuwa?", tsawon yankan da ke waje ba zai ba da amsa ba. Sai an ciro tayar, an juyo cikinta, an lanƙwasa wurin da yatsu a gaban haske. In zaren yana nan cif, yankan a roba ya tsaya, a cire abin da ya maƙale a ci gaba da hawa. In 'yan zaruruwa ne suka tsinke a tsakiyar inda taya ke taka ƙasa, kuma tsagar ba ta kai rabin santimita ba, ana iya liƙa ƙyalle mai ƙarfi ko guntun tsohuwar taya daga ciki da sholisho. Facin tiyub ba ya wannan aiki, domin miƙewa yake yi. Daga nan a buga iska ta cika, a juya ƙafar a hankali ana kallo. Wurin ya kwanta daidai da sauran, an dace. Ya tasa ƙulli ko tayar ta karkace, to zaren ya saki, kuma kowane juyi ƙara yage shi yake.

Wurare biyu ne ba a wasa da su. Gefen taya ba shi da kauri, kuma shi ke lanƙwashewa duk lokacin da ƙafa ta juya da kaya a kai, don haka abin da aka liƙa a nan a hankali yake saɓulewa. In kuwa wayar baki ce ta tsinke ko ta leƙo waje, magana ta ƙare, tayar tana iya zamewa daga rim a tashi ɗaya.

Za a ce ai ga kekuna nan birjik da aka ɗinke tayoyinsu da zaren takalmi, ko aka naɗe su da tsumman roba, suna ta kai gora da biredi wata da watanni. Gaskiya ne, kuma ba a raina hikimar mai rashi. Sai dai waɗannan tayoyi suna daɗewa ne saboda masu su na rage musu iska don tsoron fashewa, taya mai ƙarancin iska kuwa ita ce ke matse tiyub a bakin rim duk lokacin da aka faɗa rami, ta bar huda biyu gefe da gefe. Kuɗin da aka ƙi kashewa a sabuwar taya sai ya tafi da kaɗan-kaɗan a faci. Naɗin roba kuma yana gogar birki, a keken da birkinsa rim yake kamawa.

Wani zai ce keke ba gudu yake ba, fashewar taya me za ta yi? A baya, galibi tsayuwa ce kawai da turi. A gaba kuwa sitiyari ne ke ƙwacewa daga hannu, kuma a cunkoson Kwame Nkrumah Circle, tsakanin motocin haya na tirotiro da babura, faɗuwa ko a hankali ba ta da sauƙi. Saboda haka in aljihu bai kai ga sabuwa yau ba, mai lafiyar ta koma gaba, mai facin ta koma baya, a rage kaya, domin ƙafar baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, a riƙa duba wurin kowace safiya kafin a hau.