Gwangwanayen Jos da BBC Ta Fid da Rai da Su

Wata Juma'a bayan la'asar, na fito daga ziyara a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, na tarar da wani dattijo zaune a inuwar bango ya buɗe gafaka a cinyarsa. Littafin da ke ciki rubutun hannu ne, ba a ɗinke shi ba, warƙa-warƙa yake kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Ya nuna mini kalma ɗaya tilo da aka rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, don kada warƙoƙi su rikice. A wani wuri kalmar ba ta haɗu da abin da ya biyo ta ba. "Ɗana, nan warƙa ɗaya ta fita," in ji shi. Ya ce ba ya fid da rai, domin an kwafi littafin nan an kai garuruwa, wata rana za a ga cikonsa a hannun wani.

Maganarsa ce ta tuno mini da wani labari da ya faru a Jos. Abin da aka tsinta a can bai kama ƙafar littafin malamai a daraja ba, wasan talabijin ne na Turawa. Amma hanyar da ya bi ya tsira ita ce dai wadda dattijon ya faɗa.

Sunan wasan Doctor Who. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan an harbe shugaban Amurka John Kennedy. Jarumin wani baƙo ne daga wata duniya, ba a kiran sa da komai sai Dakta. Yana yawo tsakanin zamanai a cikin wani akwati mai launin shuɗi da ake kira TARDIS, wanda daga waje bai wuce rumfar mai gadi ba, amma in ka shiga sai ka ga fili. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta. Da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa a 1966, marubutan suka yi wata dabara: suka ce Dakta ba ya mutuwa, jiki yake sakewa. Da haka Patrick Troughton ya karɓa, kuma wannan dabarar ce ta sa wasan ya haura shekara sittin ana yin sa.

To a wancan zamani faifan bidiyo tsada gare shi, wurin ajiya kuma ya yi kaɗan. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana mutane za su nemi tsohon wasan baƙi-da-fari su saya. Sai BBC ta riƙa goge faifan tana ɗora sabon shiri a kai. Kwafin da aka juya a fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa ƙasashen waje, su ma in an ga sun gama amfani sai a lalata su. Ba a daina ba sai 1978. Da aka zo ƙirga ɓarna, an tarar kashi fiye da ɗari sun salwanta, kuma zamanin Troughton ne ya fi jin jiki. Muryoyin kaɗai suka tsira gaba ɗaya, saboda wasu yara masu son wasan da ke ajiye rikoda a gaban talabijin suna ɗauka duk mako.

A lokacin Nijeriya na cikin masu sayen wasan. Yadda ake yi, kwafi ɗaya ne ke zagaya tashoshi: wannan ta nuna, ta tura wa waccan, daga ƙasa zuwa ƙasa, ta ƙarshe kuma ta mayar Landan ko ta ƙone. Wasu gwangwanayen fim ɗin da suka iso tashar Jos ba a mayar ba, ba a kuma ƙone ba. An ɗora su a kanta, aka rufe ɗaki, shekaru suka yi ta wucewa. Sanyin Jos ya taimaka, domin zafi da laima su ne ajalin fim. Da a Sakkwato aka ajiye su, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, da wuya a sami abin kallo a ciki.

Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya mai da bin tsofaffin tashoshin talabijin na Afirka sana'arsa, shi ya shiga ɗakin. Ya ba da labarin cewa wani ɗan salatif ya hango manne a jikin gwangwani, ya share ƙura, sai ga sunan wasan a rubuce. A watan Oktoba na 2013, saura 'yan makonni wasan ya cika shekara 50, BBC ta sanar wa duniya: kashi 11 sun dawo daga Jos, 9 daga ciki ba wanda ya sa su a ido a Ingila tun 1968. Adadin waɗanda suka ɓata ya sauka daga 106 zuwa 97 a rana ɗaya. Wannan ma ba shi ne karon farko ba, don a tsakiyar shekarun 1980 an taɓa samo wasu labaran zamanin Hartnell a Nijeriya.

Labarai biyu ne a cikin gwangwanayen. Na farko, The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya, shi ya fi kama ni. An nuna shi daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968, amma an gina shi a kan shekarar 2018. Akwai wani mutum, Salamander, da duniya ke yi wa kallon mai ceto domin ya ƙirƙiro hanyar tara hasken rana a yi noma da shi, yunwa ta ragu. Ga shi kuma da baiwar hango bala'i: in ya ce dutse zai yi aman wuta a wuri kaza, sai ya yi. Ashe shi ke haddasawa. Ya tara wasu bayin Allah a wani gida can ƙarƙashin ƙasa a Ostireliya, ya shafe shekaru yana gaya musu cewa yaƙin nukiliya ya cinye doron ƙasa, duk wanda ya fita zai mutu. Shi kaɗai ke hawa sama, wai yana sai da ransa don ya samo musu abinci. Su kuwa suna ta sarrafa injinan da ke jawo girgizar ƙasa da ambaliya, a zatonsu abokan gaba suke yaƙa. Asirin ya fara tonuwa ne da ɗayansu ya tsinci guntun jarida manne a jikin kwalin abinci, ya ga labarin jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa. Mutanen da aka ce sun ƙare, ashe har hutu suke zuwa.

Abin da ya ƙara wa labarin armashi, Salamander da Dakta kamarsu ɗaya sak, kuma Troughton ne ya fito a duka biyun. Kafin a samo fim ɗin, kashi na 3 kaɗai ake da shi, wanda shi ne mafi sanyi a cikin shidan, don haka masu sharhi suka daɗe suna raina labarin. Da aka ga sauran, aka ga yadda mutum ɗaya ke sauya tafiya da kallo da murya har ka rantse mutum biyu ne, sai ra'ayi ya juya. A ƙarshe Salamander ya saci jiki ya shiga TARDIS da sunan shi ne Dakta, ya tayar da ita ƙofa a buɗe, iska ta fizge shi ta yi waje da shi. Troughton bai ga wannan yabo ba, ya rasu tun 1987. Amma Frazer Hines da Deborah Watling, da suka fito a matsayin abokan tafiyarsa Jamie da Victoria, suna raye aka dawo da fim ɗin, suka zauna suka kalli ƙuruciyarsu.

Na biyun, The Web of Fear, labarin wasu dodanni ne masu gashi buzu-buzu da ake kira Yeti, waɗanda a zahiri mutum-mutumi ne na ƙarfe, sun mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, wata irin yana mai kisa tana bin ramukan. Ba a ainihin ramukan aka ɗauki yawancinsa ba, gina su aka yi a ɗakin ɗaukar shiri, amma ginin ya yi kama da gaske ƙwarai. A wannan labari ne wani soja, Kanar Lethbridge-Stewart, ya fara bayyana. Nicholas Courtney ne ya fito a matsayinsa, daga baya aka yi masa ƙarin girma zuwa Birgediya, ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da suka fi daɗewa a wasan.

A kashi na 3 Kanar ɗin ya fara nuna fuskarsa, kuma shi ne bai dawo ba. Da aka fitar da labarin a 2013, da hotuna marasa motsi da muryar da yaran nan suka ɗauka aka cike gurbinsa, a 2021 kuma aka zana shi da kwamfuta. Shekara biyu bayan sanarwar, Morris ya faɗi abin da bai faɗa ba da farko: ranar da ya shiga ɗakin, kashi na 3 yana nan a kan kanta tare da 'yan'uwansa, ya ɓace ne a tsakanin lokacin da ake cuku-cukun fitar da su. Gwangwani 12 ya ƙirga a Jos, 11 suka isa Landan.