Kuregen Fuerteventura: Baƙon da Ya Zama Annoba

Bidiyoyin masu yawon buɗe ido suna miƙa wa kurege gyaɗa a tsibirin Fuerteventura na ƙasar Sifaniya sun cika kafafen sada zumunta, jama'a na ta yaba tausayinsu, wasu har suna zargin hukumomin tsibirin da rashin imani saboda sun ce a daina. Masu wannan zargi ba su san asalin maganar ba.

Kuregen nan baƙo ne a tsibirin. Mahaifarsa yankunan duwatsu na Maroko da Aljeriya. A shekarar 1965, lokacin da garin Sidi Ifni na gaɓar tekun Maroko yake hannun Sifaniya, wani mutum ya ɗauko guda biyu daga can, ya kai su Fuerteventura don ya riƙa kiwonsu a gida. Daga baya suka shiga daji. Sifaniya ta mayar wa Maroko da Ifni a 1969, amma abin da aka kwaso daga can ya zauna daram. Tsibirin busasshe ne, mai duwatsu, tazararsa da gaɓar Afirka kimanin kilomita 100 ce kawai, don haka yanayin ya karɓe shi. Ga shi babu maciji, babu dila, sai kuregen ya yi ta hayayyafa har ya game tsibirin.

Manomin gyaɗa a ƙasar Hausa ya san halin kurege, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na can yana cin amfanin gona da irin tsirrai, yana cin dodon koɗi da ƙwan ƙananan tsuntsaye, yana haƙa ramuka a katangun dutse da manoma suka gina don riƙe ƙasa da ruwa. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga cizo. Shi ya sa dokar Sifaniya ta 2013 ta sanya shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna, a tsibirin da UNESCO ta ayyana a matsayin wurin kare halittu tun 2009.

Duk wanda ya ciyar da shi ya ƙara masa ƙarfin haihuwa ne, ya kuma cire masa tsoron mutum. Mai yawon buɗe ido zai ɗauki hotonsa ya hau jirgi, ya bar wa manomi asara. Ya kamata hukumomi su wuce kafa alluna, su riƙa hukunta masu yi. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura irin wannan bidiyo gaba, ka tambayi kanka gonar wa ake ci.