Takardar Tarar Fakin a Birtaniya: Kada Ka Jefa Ta a Shara

Akwai wata gurguwar shawara da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, musamman sababbin zuwa, ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi. Mutum zai turo hoton takardar tarar fakin da aka aiko masa yana neman mafita, sai wani gwani ya yi caraf ya ce: "Ai wannan ta kamfani ce, ba ta gwamnati ba. Jefa ta a shara, ba abin da za su iya." Mai maganar ba lauya ba ne, kuma ba shi zai biya ba.

Na ga inda wannan shawara ta kai wani ƙaninmu. Ranar Juma'a ya makara, ya tarar layin masallaci ya cika, sai ya faɗa harabar wani kanti ya ajiye mota ya tsallaka titi. Aka idar da salla, aka tsaya gaisawa, aka biya cin abinci. Ga allo nan a bakin ƙofa ya faɗi iyakar lokacin da aka yarda mota ta zauna, bai ko kalle shi ba. Ba mai gadi, ba wanda ya ce masa kanzil, amma kyamara ta ɗauki lambar motar da shigarta da fitarta. Bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta iso: fam 100, ko fam 60 idan ya biya cikin kwana 14. Ya tambayi zaure, zaure ya ce ya share. Ya share.

Daga nan ya tashi daga gidan. Ya sauya adireshin lasisin tuƙinsa, ya bar na takardar mallakar mota da ake kira V5C, don a zatonsa abu ɗaya ne. Wasiƙu suka ci gaba da sauka a tsohon gida. Masu karɓar bashi suka ɗora nasu, kuɗi ya koma fam 170. Sammacin kotu ya zo, ba wanda ya amsa, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Bai san wainar da ake toyawa ba sai da ya je neman hayar gida, dillalai suka binciki tarihin bashinsa suka ce masa a'a. Irin wannan hukunci, idan ba a biya cikin wata ɗaya ba, shekara 6 yake yi a rajista, bankuna da kamfanonin waya da masu gidaje duk suna gani. A kan fam 60!

Shawarar ta tsufa ne, masu yaɗa ta ba su sani ba. A da, sai kamfani ya gano wanda ya tuƙa motar kafin ya nemi kuɗinsa. Daga 1 ga Oktoba 2012 doka ta sauya a Ingila da Wales. Ta hana sa wa tayar mota mari ko janye ta a filin da ba na gwamnati ba, amma ta ba kamfanoni damar bin mai motar idan bai faɗi direba ba, muddin sun cika sharuɗɗa. Sai kuma shari'ar Barry Beavis, mai shagon soya kifi da dankali, wanda ya ƙara minti 56 a kan awa 2 na kyauta a wani filin kantuna a Chelmsford, kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85. Ya ja har Kotun Ƙoli, a Nuwamba 2015 ta ce kuɗin ya halatta. A idon doka, wanda ya ga allo ya ajiye mota ya amince da sharaɗin da ke jikinsa.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya. Mai fili yana da haƙƙi. Ƙaramin asibitin unguwa da marasa lafiya ke rasa wurin tsayawa, da mai shagon da motocin masallata suka kore wa masu saye, da tsohuwar da ta dawo ta tarar an zaune mata a gurbin da take biyan haya, su ne ke kiran waɗannan kamfanoni. Ɗabi'ar "yanzu zan fito" da muka taho da ita daga gida, inda mutum zai toshe ƙofar wani ya shige ɗaurin aure, ba ta da kyau a can, a nan kuma tana da farashi. Ka je neman lada ka bar wani yana tsine maka a bakin ƙofarsa, wace riba aka ci?

Wannan ba ya wanke kamfanonin. Da yawansu daga tarar suke ci, don haka kuskurenka ne cinikinsu. Fam 2.50 kacal suke biyan DVLA, hukumar rajistar motoci, ta ba su suna da adireshin mai mota, kuma a shekarar 2023 zuwa 2024 sun nemi irin wannan bayani fiye da sau miliyan 12. Ana cin tarar wanda ya biya kuɗi amma ya kuskure harafi ɗaya na lambar motarsa a na'ura. Ana cin wanda ya shiga da safe ya fita, ya sake dawowa da yamma, kyamara ta lissafa masa yini guda. Majalisa ta yi doka a 2019 don a ja musu linzami, gwamnati ta fitar da ƙa'idoji a Fabrairu 2022 da za su rage yawancin tarar zuwa fam 50, kamfanoni suka nufi kotu, aka janye ƙa'idojin a Yuni na shekarar. A ganina, tsarin da mai kamawa ke arziki da yawan kamu ba zai taɓa yin cikakken adalci ba.

To amma wanda aka zalunta ƙorafi yake yi, ba shiru ba. Idan kanti ka shiga, koma da rasit wurin manaja, sau da yawa yana iya sa a soke tarar. In bai yiwu ba, rubuta wa kamfanin cikin kwana 28, ka haɗa da hoton allon idan ya ɓuya ko rubutunsa ya yi ƙanana, da shaidar biya. In suka ƙi, akwai masu sauraron ƙara na waje kyauta, POPLA ko IAS, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin yake ciki. Sai dai ka sani, idan ka faɗi a can rangwamen ya wuce, cikakken kuɗi za ka biya. In kuwa ka san kai ne da laifi, biya fam 60 ɗin ka huta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne adireshi. Mutanenmu na yawan sauya gida a shekarun farko, kuma nan ne ake halaka. Sauya adireshin V5C kyauta ne, ta intanet ake yi cikin 'yan mintuna, rashin yinsa kuma laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. Duk wanda ya tashi daga gida, ya yi wannan tun kafin ya kwance kaya. Wanda kuma sammacin kotu ya riga ya iso masa, ya bar tambayar zaure ya nemi ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, shawararsu kyauta ce, kuma kwana 14 kawai yake da su ya amsa.