Daga Sakkwato zuwa Gasar Kofin Duniya: Yadda Shehu Abdullahi ya hau tsanin ƙwallo mataki-mataki

Ranar 16 ga Yunin 2018, lokacin da Najeriya ta kara da Kuroshiya a birnin Kaliningrad na Rasha, ɗan wasan da ya tsare ɓangaren dama na bayan Super Eagles ɗan Sakkwato ne. Sunansa Shehu Abdullahi.

An doke Najeriya da ci 2-0 a daren, amma ga matasan da ke buga ƙwallo da yamma a filayen makarantun Wurno, Rabah da Goronyo, ganin ɗan jiharsu a Gasar Kofin Duniya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ba a cika ba su labari ba shi ne yawan zangon da ya yada kafin ya kai can.

Daga gida aka faro

An haifi Shehu a Sakkwato a shekarar 1993. Ya taka leda a Plateau United ta Jos, kafin ya koma Kano Pillars a 2012, a daidai lokacin da Sai Masu Gida ke cin karensu babu babbaka. Ƙungiyar ta lashe gasar firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

A nan ne idon masu horar da tawagogin ƙasa ya kai kansa. A 2013 yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je Turkiyya. A farkon 2014 kuma marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke bugawa a gida kaɗai ke shiga. Najeriya ta zo ta uku.

Ba a Ingila ya sauka ba

Da ƙofar waje ta buɗe, ba Landan ko Madrid ya nufa ba. Ƙungiyar Qadsia ta Kuwait ce ta fara ɗaukar sa a 2014. Daga can ya wuce União da Madeira ta Fotugal, wata ƙaramar ƙungiya a tsibiri, sannan Anorthosis ta Saifurus a 2016.

A shekarar ce ya je Olamfik ta Rio ƙarƙashin Samson Siasia, inda Najeriya ta doke Honduras da ci 3-2 ta ɗauki tagulla. Ita ce kaɗai lambar yabon da ƙasar ta samo a gasar baki ɗaya.

A 2018 ya koma Bursaspor ta Turkiyya. Yana cikin tawagar da ta zo ta uku a Gasar Kofin Afirka ta 2019 a Masar, duk da raunin da ya ji tun wasan farko da Burundi. Daga baya ya koma Saifurus, ya lashe gasar ƙasar da Omonia a kakar 2020/2021, kafin ya dawo Kano Pillars a 2024.

Wani abu da ya taimake shi a duk inda ya je shi ne iya buga gurbi fiye da ɗaya. Yana tsare baya, yana kuma riƙe tsakiya. Koci ba ya saurin rabuwa da irin wannan ɗan wasa.

Ina matakin farko?

Tsanin ƙwallon Najeriya hawa uku ne: gasar NLO a ƙasa, NNL a tsakiya, sai NPFL a sama. Mai neman 'yan wasa ba ya zuwa filin unguwa sai da dalili. A gasar da ke da rajista da alƙalai yake zama ya duba.

Nan ne gizo ke saƙar ga yaron da ke gabashin Sakkwato. Ƙungiyar jihar, Sokoto United, da filin wasa na Giginya duk suna babban birni. Da damina aikin gona ne, da rani noman albasa da tafarnuwa a fadama, ga kuma matsalar tsaro da ta sa iyaye ke ɗari-ɗari da barin yara su yi tafiya.

Wannan giɓin ne dillalan bogi ke amfani da shi, suna karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin kai yaro gwaji Turai. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko buhunan albasa don fitar da ɗan shekara 15, to a yi hattara da shi.

Abin da matasan Wurno, Rabah da Goronyo suka fi buƙata shi ne gasar ƙananan hukumomi da ba ta yankewa, da ƙungiyoyi masu rajista da za su shiga NLO. Shehu sai da ya ratsa Jos da Kano kafin ya hau jirgin Kuwait.