Zaɓen Babbar Manhajar Kwamfuta ga Ɗalibin Hausa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba matsalar da ɗalibi ke cin karo da ita idan ya koma gida hutu, a ce Tambuwal ko Kebbe, da niyyar buga kundinsa a kan tsohuwar kwamfutar gida. Abin nufi da babbar manhaja shi ne tsarin da ke tada na'urar, ya kuma haɗa ta da sauran manhajoji. Uku ne suka shahara: Windows da Linux da macOS. Ta ukun ba ma tsaya kanta ba, domin an keɓe ta ga na'urorin Apple, masu tsadar gaske.

Windows ita ce wadda masu shagunan buga takardu suka sani, kuma mai gyara a garinmu ita ya iya. Sai dai kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ta 2021 ba ta zama sai kan na'ura mai wani guntun ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffi da yawa ba su da shi. Ke nan mai tsohuwar na'ura, ko dai ya zauna da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ko ya yi ƙaura.

A nan ne Linux, wadda Linus Torvalds na ƙasar Finland ya fara a 1991, take da rana. Kyauta ce, kuma rassanta irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya a kan na'urar da ta kwana biyu. Aibinta dai, in ta cije, da wuya a sami mai gyara kusa.

To amma ga manazarcin Hausa, babban ma'auni shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fid da mu kunya matuƙa. Illa dai, in aka buɗe aikin a kan na'urar da ba ta da su, sai lanƙwasar ta rikiɗe ta zama wata alama dabam. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga harshen da ke rarrabe ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma Windows da Linux duka suna ɗauke da allon rubutun Hausa, sai dai a shiga saiti a kunna shi.

A nawa ganin, mai na'urar da ba ta ɗaukar Windows 11 ya gwada Linux Mint daga filashi tukuna, ba tare da ya goge komai ba, ya ga ko firintarsa ta amsa. In ya gama kundin, ya mai da shi PDF kafin ya kai shago.